Rimot Ɗin Kaka

Yayata tana neman aikin koyarwa, an ce ta je gobe ta koyar a gani. Ta rantse ba za ta je da alli kamar kowa ba. Ta aro majigi, ta zare cikin wata tsohuwar maka ta rubutun allo, ta cusa batir da ɗan mitsitsin ƙwan fitila. Wai in aka kafa rimot ɗin gem yana kallon bango, zai riƙa ganin hasken makar yana gaya wa kwamfuta, sai bango ya zama allo.

Rimot kuwa ɗaya ne a gidan, kuma na Kaka ne. Tun da likita ya ce ta riƙa motsa kafaɗa, kullum tana gaban talabijin tana buga gem ɗin tanis da shi, ɗankwali a ƙasa.

"Kaka, aron yini ɗaya fa," in ji Yaya.

"Ki cinye ni tukuna, 'yar nema."

Yaya ta karɓa ta gwada. Kaka ta lallasa ta, har da rangaɗa guɗa.

"To tsohuwa, ki bari in gwada abina a nan, a gabanki."

Kaka ta miƙa shi tana harara. Muka ɗora kujera kan tebur, muka ɗaure rimot a kanta da roba, muka kunna majigi ya haska bango. Yaya ta taɓa kusurwoyin hasken da makar, ta ja layi. Sai ga jan layi ɓaro-ɓaro a bango.

"Bangon nawa! Wa zai biya fenti?"

Yaya ta danna wani wuri, layin ya ɓace. Kaka ta matso ta shafa, ta duba tafin hannunta.

"Kawo nan."

Ta tsaya daidai gaban rimot, ta yi ta goga makar, shiru.

"Kin tare masa gani da faɗin bayanki," na ce a hankali.

"Ke ma yau kin yi baki?"

Amma ta karkace. Ta zana wata mata mai kunnuwa kamar faranti, ta ce Yaya ce. Ta ƙara mata gemu. Muna dariya, ita ko a jikinta.

"Kaka, maganar gobe fa?"

"Ku tafi da shi," ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "Amma ƙafata ƙafarsa. Ban yarda da 'ya'yan mutane ba."

Da safe tun kafin Yaya ta gama shiri, Kaka tana bakin ƙofa, rimot a jaka, tana cewa za a makarar da ita.