Dawar da Ta Tsira

Malam Manniru ya farke bakin buhu na uku da wuƙa, ya cusa hannu. Dawar da ɗumi. Da ya zaro, kusan kowace ƙwaya ta fito da farin tsiro kamar zare. Ya watsar, ya goge hannu a riga. Buhu takwas ne a shagon, duk ruwa ya kwana a kansu.

Kwana uku ke nan da rafin Kurudu ya cika ya shigo gari. Ya cinye gidajen gangare da rumbunansu. Mutanen da suka rasa ɗaki suna makarantar firamare, Musulmi da Kirista, aji ɗaya gida biyar. Shekarar ce gwamnati ta taso daga Legas zuwa sabon babban birni, nan kusa. Kullum manyan motoci na wucewa can titi ɗauke da kujeru da kabad na ofis, babu wadda ta karkato nan. An ce za a kawo agaji. Ba a faɗi rana ba.

"Baba Katsina, sannu da hasara."

Magdalena ce a bakin shago, da itace jiƙaƙƙe a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Mijinta ya rasu tuntuni. Burukutu take dafawa a bayan kasuwa, da shi take riƙe jikoki huɗu. Shekara tara suna maƙwabtaka, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

"Yawwa. Ya naku?"

"Ɗaki ya tafi. Mu dai muna nan." Ta sunkuya ta tsinci ƙwayar da ya watsar, ta murza, ta sunsuna. "Wannan bai lalace ba. Amma in ya kai gobe zai yi baƙi. Ka ba ni shi."

"Ki yi me da ita?"

"Yara na firamare bai ci komai ba tun jiya da rana. Garin kwaki ya ƙare."

"Na ce ki yi me da ita?"

Ta yi dariya. "Kai, Baba! Kunu zan yi. Ruwa ya yi mini rabin aiki, ya jiƙa, ya tsirar. Niƙa kawai ya rage."

Ya san da tsiro ake kunun zaƙi. Ya kuma san da shi ake giya. Duk Kurudu babu wanda bai san wanne ne sana'arta ba.

"Ba zan bayar ba," ya ce.

Ba ta roƙe shi ba. Ta gyara itacenta ta wuce.

Ɗangoggo mai nama, da ke kankare laka daga teburinsa, ya ɗago kai. "Ka yi daidai, Malam. Ka ba ta, jibi duk gari ya bugu da dawarka. Me za ka ce wa Allah?"

"Na tambaye ka?"

Ya jawo buhu ɗaya waje da nufin shanyawa. Sama ta haɗe, babu rana. Ya bar shi nan.

Masallaci cike yake da laka, don haka a barandar firamare aka yi azahar. Bayan sallama bai tashi ba. Ta tagar aji yana hango wata mata tana ba jariri nono, jaririn na ja yana saki yana kuka, amma kukan ba ya fita. Kusa da ita wata yarinya ta kwanta a kan benci, ta rungume kwano. Ya gane ta. Mashkura ce, 'yar ladan. Jikar Magdalena na zaune a gefenta tana kore mata ƙuda.

Ya sa takalmi. Ya ari baro a wajen masu bulo.

Sau huɗu ya yi sawu, buhu biyu-biyu, tayar baron na nutsewa a caɓi. Wani ya zo zai kama masa, ya ce a bari. Gwiwarsa na ciwo, bai tsaya ba. Ya jibge na ƙarshe a gindin mangwaron makaranta, inda Magdalena ke fama da wutar da ta ƙi kamawa.

"Ga ta nan," ya ce yana haki. "Kunu kika ce."

"Kunu na ce."

Ya juya zai tafi.

"Baba Katsina, tsaya. Tukunya fa?"

"Naki ruwa ya tafi da su?"

"Suna nan, guda uku, manya. Amma ka san abin da ake dafawa a ciki. Ko na wanke sau goma, ƙamshin ba ya fita. Yaran Musulmi ma zai sha. Ba zan ba su a wannan tukunya ba." Ta share hayaƙi daga ido. "Na ji an ce Hajiyarka ta bar babba, ta biki."

Tun da matarsa ta rasu bara, babu wanda ya taɓa tukunyar. Tana kife a ɗakinta. Ko 'yarsa da ta nema bai ba ta ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Ita. Ta taɓa ara mini, ranar jana'izar mijina. Ta ce kada ka ji."

Ya dube ta. Sai ya dubi ƙasa.

"Ki sa a kai niƙa," ya ce. "Ina zuwa."

Tukunyar ta fi ƙarfin baro, ga laka. Ya mirgino ta har bakin shago, ya tsaya yana goge ƙurar cikinta da hularsa. Ɗangoggo ya ajiye abin kankara ya matso.

"Malam, har da ta marigayiya? To in matar nan ta ɓoye buhu biyu ta yi abin nata fa?"

Manniru ya mayar da hular a kansa, da ƙurar da komai. Ya kama kunnen tukunya ɗaya.

"Kama wancan," ya ce. "Yara na jira."