Wa Zai Ce a Shuka?

Ruwan farko ya sauka a Karare, ƙasa ta yi laushi, amma a gidan marigayi Gagare babu wanda ya taɓa sungumi. Irin geron da ya rage a rumbu na shuka ɗaya ne tak. In aka zuba shi ruwa ya ɗauke, gandun bana ya tafi ke nan.

Ashafa, babban ɗa, ya ce gandu ba ya son baki da yawa. Baba shi kaɗai yake duban ƙasa ya ce a shuka, saboda haka yanzu magana ta dawo hannunsa. Ƙanensa Uzairu, malamin Islamiyya, ya ce sam, sai da shawarar su uku, don kuskuren mutum ɗaya zai sa gida duka ya kwana da yunwa. Autansu Manu kuwa ya goyi bayan kowa, kamar yadda ya saba. Har hantsi suna ja-in-ja, maƙwabta na wucewa da ƙoren iri.

Gaskiyar magana, Ashafa tsoro yake ji. Ya sha dunƙula ƙasar nan a hannu, bai gane abin da Baba ke gani a cikinta ba, girma kuma ya hana shi faɗa.

Mahaifiyarsu Iyatu tana tankaɗe a bakin ɗakinta. Ta bari suka gaji, sannan ta tambayi Ashafa ina babansu yake fara shiga in ya dawo daga duban gona.

"Ɗakinki, Inna. Shan ruwa."

"Ga randa a tsakar gida?" Ta yi dariya. "Ƙasar yake kawo mini in taɓa. Ku ma da hira yake jin ta bakinku, ba ku sani ba. Sai ya gama jin kowa ya fito yana gyaran murya, kamar shi kaɗai ya yi tunanin."

Uzairu ya fara murmushin nasara, ta juyo kansa.

"Kai kuma, shekarar da tsiro ya ƙone, ni na ce a shuka. Har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba. Shi kaɗai ya ɗauki laifin."

Ashafa ya miƙe ya nufi gona. Da ya dawo, hannunsa a dunƙule, ya wuce randar ko kallonta bai yi ba, ya durƙusa a ƙofar Iyatu.

"Inna," ya ce a hankali, "ƙishirwa nake ji."