Layi a Wuyan 'Yan Kallo

Ni mai fenti ne, na bango da allon shago. Ran wata Talata Fawaz, wanda na taɓa yi wa fentin falo a unguwar Aziziyya, ya kira ni in ga wani aiki.

Zane ne babba, girmansa ya kai na ƙofa in an kwantar da ita. Filin wasan Rumawan dā. Zaki ya danne wani mutum a kan yashi, 'yan kallo sun cika benaye, wasu na ihu, wata mata na cin inabi. Mai zanen ya fi ɓata lokaci a kan zobenta fiye da fuskar wanda ake ci.

"Na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa," in ji Fawaz. "Shekara talatin yana rataye a majalisinsa. Ummu Layan ta ce ba zai zauna a gidan nan ba sai an raba kowane kai da jikinsa."

Matar tasa, Wafa', wadda yake kira Ummu Layan, ta amsa daga bayan ƙofa. "Ba ni na ce ba, malam na tambaya. A ja layi a wuya, ya daina zama hoton mai rai."

"Har zakin?" na ce.

"Shi zakin dutse ne, ya Rilwanu?"

Na zaɓi burushi mafi siriri da farin fenti. Na fara da sarkin da ke zaune a inuwa, na bi sahu-sahu. Mai inabin tana da sarƙa, sai na ja nawa layin a samanta. Sahun ƙarshe ɗigo-ɗigo ne kawai, ba wuya, amma Wafa' ta ce ɗigon ma ɗan Adam ne. Na bi su. Mutumin da ke ƙasa na bari ƙarshe, don wuyansa na cikin bakin zakin, da ƙyar na sami wurin sa burushi.

Bayan la'asar na gama. Wafa' ta leƙo, ta duba sama da ƙasa.

"Yanzu ya zauna," ta ce.

Fawaz ya daɗe tsaye gaban zanen, hannuwansa a baya. Ya kai yatsa wajen sarkin, fentin bai bushe ba, ya goge yatsan a gefen labule.

"Wannan ba na baba ba ne," ya ce. "Halas, shi ke nan, fita da shi."

Zanen bai shiga lifta ba. Ta matakala na sauko da shi, hawa huɗu.