Kan Tanka a Cikin Kwalkwali

Tun da na gama sakandare nake wurin waldar Kawu. Ƙofofi, tagogi, ƙafar gado. Ba na son aikin, ban kuma ƙi shi ba. Abin da nake so shi ne mayaƙan nan na wasannin waya: mutum sanye da ƙarfe daga sama har ƙasa, takobi ya fi shi tsawo, ƙaho biyu a ka, yana tsaye gaban dodo mai aman wuta.

Shi ya sa da wani abokina ya ce za su ɗauki fim da waya, suna neman kwalkwalin jarumi, ban bari ya rufe baki ba. Na haɗa shi da guntayen fallen ƙarfe, duk sanda Kawu ya fita. Ya rufe kai duka har wuya. Wajen ido tsaga ce siririya. Wuyan na matse shi kamar yadda yake a hoto, ƙahonin kuwa bututun ruwa na lanƙwasa. Da ƙwallo na auna. Ƙwallo ba ta da kunne, ba ta da haɓa. Wannan bai zo mini a rai ba.

Ran nan Kawu ya tafi sayen rodi can nesa. Da rana tsaka mijin yayata ya tsaya a ƙofar shago, salansar motarsa ta fashe. Tankar ruwa yake tuƙawa, har sunan ya bi shi, kowa Tanka yake ce masa. Ƙato ne, ga surutu.

“Auta, tukunyar wa ka yi wa ƙaho?”

“Ta jarumi ce. Ajiye.”

“To ai ga jarumin ya zo.”

Ina kwance ƙarƙashin mota lokacin. Sai na ji ƙwal. Da na leƙo, ya riga ya danna kansa ciki da hannu biyu. Ya ɗauki guntun rodi yana sara iska, yana kiran dodo ya fito in shi ɗan halak ne. Muryarsa kamar daga cikin rijiya. Na kusa yin dariya.

Da ya gaji ya kama ƙahonin ya ja sama. Ya sake ja.

“Auta, wasa ya ƙare. Ina maɓallin?”

“Babu maɓalli.”

Na hau benci na ja, ya yi ihu. Bakin ƙarfen ya maƙale a ƙasan haɓarsa, ya kuma tattaro kunnuwansa. Na kwarara masa ruwan sabulu ta wuya. Na shafa giris. Duk ja ɗaya sai fatar ta ƙara kumbura. Rufin shagon kwano ne, zafi na sauka kai tsaye, ƙarfen ma ya fara ɗumi a hannuna.

Ya zauna a kan benci. Tanka ba ya zama sai an roƙe shi.

“Iskar nan ta ciki ta ƙare, Auta. Tawa nake ta maimaitawa.”

Na yanko guntun tiyo, na tura ta ƙasan haɓa a hankali har ya kama da baki. Na ji numfashinsa na fita ta ciki yana fito. Na ce mu je asibiti. Ya tofar da tiyon gefe ya ce can ma mai walda za su aika a kira, kuma mai waldar ni ne. Ya ce banda haka wace mota ce za ta ɗauki mutum mai ƙaho. Na mayar masa da tiyon baki.

Na kira Yaya. Tarihi take koyarwa a makarantar da ke bayan layinmu. Ta iso da alli a hannu, mayafi a karkace. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi, ta dube ni.

“Maigida, kana jina?”

“Malama, gaida jarumi.”

Ba ta yi dariya ba. Ta zagaya bayansa tana lalube da yatsu.

“Ta ina yake buɗewa?”

“Ba ya buɗewa.”

“Auta, waɗanda suka yi yaƙi da irin wannan da gaske su ma suna da kunne. Nasu yana da murfi ana ɗagawa, wani ta gefe yake buɗewa kamar ƙofa. Ana huda masa wajen numfashi. Kuma sai sun sa hula mai auduga a ciki.”

“A hoto babu.”

“Wanda ya zana hoton bai taɓa sa kansa a ciki ba.”

Na ɗauko injin yankan ƙarfe. Na riƙe shi, na ajiye. Na san tartsatsinsa, na san yadda yake sa ƙarfe ya yi ja, na san yadda yake fizge hannu. Tsakanin fallen da ƙeyar Tanka ko yatsa ba ya shiga sosai. Sai zarto.

Na zura rular ƙarfe ta bayan wuyansa, tsakanin fata da kwalkwali, don in haƙoran zarton sun ɓulla su same ta. Na cusa jiƙaƙƙen tsumma a gefe. Saura a riƙe kan kada ya motsa. Yaya ta tsaya gabansa ta kama ƙahonin biyu.

“Ka gani?” ta ce da ni. “Haka abokin gaba zai riƙe ka. Shi ya sa ba sa zuwa yaƙi da ƙaho.”

Muryarta na rawa. Na gane ba ni take koya wa komai ba. In ta yi shiru kuka za ta yi.

Na fara daga ƙasa. Jan farko Tanka ya buga ƙafa. Ya ce kamar a cikin haƙoransa nake yanka. Na ce ya yi haƙuri. Ban taɓa ce masa haka ba.

“Yi mini magana, Malama,” ya ce, “in daina jin abin nan. Takubbansu fa? Su ma ƙarya ne?”

“Yawancinsu ba su fi babbar gorar ruwa nauyi ba. Mutum zai wuni da abu a hannu, ya ɗauki wanda zai karya masa kafaɗa?”

“To jaruman?”

“Akwai su. Amma da yawa cikin rundunar, talakawa ne da mashi, suna tafiya a ƙasa, takalmi ya cinye musu ƙafa. Wani ma ko fagen fama bai gani ba, ciwon ciki ya kwantar da shi a sansani.”

“Gudawa?”

“Gudawa.”

Kafaɗunsa suka fara girgiza.

“Kada ka yi dariya,” na ce, “zarto na wuyanka!”

Ina yanka ina ji. Na tuna mayaƙin da ke kan fuskar wayata, tsaye shi kaɗai a kan dutse. Na yi ƙoƙarin ganinsa tsugune a bayan tanti yana riƙe da ciki. Na gan shi kuwa. Ban ji daɗi ba, amma hannuna bai tsaya ba. Garin ƙarfe na zuba a kan rigar Tanka, gumi na shiga idona.

Na wuce rabin ƙeya, ruwan zarton ya karye.

Kafin in nemo wani a cikin akwatin Kawu in ɗaura, shagon ya yi tsit. Tiyon ya zame daga bakinsa yana lilo a ƙirji.

“Maigida?”

Shiru.

“Maigida, in kana jina matse hannuna.”

Ta saki ƙaho ɗaya ta kama yatsunsa. Kan ya karkata gefe saboda nauyi, na tare da gwiwar hannu. Ban san tsawon lokacin da muka tsaya haka ba. Can na ga yatsun nan masu kauri sun naɗe nata.

“Yanka,” ta ce. Ba ta kalle ni ba. Ta mayar masa da tiyon baki da ɗaya hannun.

Na yanka. Haƙoran suka yi ta gurzar rular, ina matsar da ita sama kaɗan-kaɗan. Da tsagar ta kai tsakiyar kai na jefar da zarton. Na kama gefe ɗaya da filaya, na ba Yaya wata ta kama ɗayan. Na dafa ƙafa a jikin benci, muka ja. Ƙarfen ya yi ƙara ya buɗe baki. Na zura yatsuna na kwantar masa da kunnuwa, na ce ya sunkuyar da haɓa.

Ya fito.

Fuskarsa baƙa ƙirin da giris, idanu jajawur, kunnen hagu ya ɗaye yana tsattsafo da jini. Ya ja iska da baki, ya sake ja, ƙirjinsa na hawa da sauka. Kwalkwalin ya faɗi ƙasa ya gangara ƙarƙashin teburin walda. Babu wanda ya bi ta kansa.

Yaya ta zauna a ƙasa, cikin garin ƙarfen da ruwan sabulun, da kayan makarantarta. Tana cewa alhamdulillahi, tana dariya, hawaye na zuba. Ta kai masa duka a gwiwa, sannan ta bar hannun a wurin.

Na ɗebo ruwa a kofi zan ba shi. Tanka ya miƙo hannu ya riƙe nawa tare da kofin. Ya sha rabi, ya turo mini sauran.

“Sha, Auta,” ya ce, muryarsa a dashe. “Zauna tukuna.”

Na zauna kusa da shi a kan bencin. Iska ta shigo ta ƙofa, mu uku muna ta shaƙa.