Hannun Athol

"Ban ce ki ɗaure ba, Merle. Taɓawa na ce. Noti ne, ba wuyan marigayi mijinki ba."

"Da wuyansa ne da tuni na gama," in ji Merle. Ta ɗan sassauta sifanar, ta share zufa da gefen hannu.

Athol Kerslake ya sunkuya a kan injin, hancinsa kamar zai taɓa agogon awo. Sabon bututun bindiga ne kwance cikin injin sassaƙa ƙarfe, ya ratsa shi daga gaba har baya. A kowane ƙarshe akwai zoben ƙarfe mai noti huɗu da ke riƙe da shi, kuma Athol ne ya ƙera zobban da kansa tun gashinsa yana baƙi. Aikin shi ne a yi ta lallaɓa notin nan, a saki wannan a matsa wancan, har ramin da harsashi ke bi ya zauna daidai tsakiyar injin. In ya zauna, allurar agogon sai ta tsaya cak ko ana juya bututun. In bai zauna ba, sai ta yi ta lilo.

Ya juya injin da tafin hannu. Allurar ta yi lilo.

"Kin wuce wuri. Koma baya."

"Baya nawa?"

"Kamar kaurin gashinki. A'a, naki ya yi kauri. Kamar nawa."

"Kai da ba ka da shi?"

Bai yi dariya ba. Hannunsa na dama yana kan ƙarfen injin yana karkarwa, zoben aurensa na buga ƙarfen ƙwas-ƙwas-ƙwas, har ya gaji ya cusa hannun a aljihu.

Merle ba ta taɓa riƙe bindiga ba a rayuwarta. Motar 'yan makaranta ta tuƙa har ranar da aka rufe makarantar garin saboda babu yara. Shingen waya ne kawai ya raba gidanta da na Athol, kuma shekara da shekaru tana jin kukan injinsa daga rumfar kwano kamar yadda ake jin firji, ba ta ma lura sai ya yi shiru. A da, mutane kan yi tuƙin yini guda daga bakin teku su kawo masa bindigogin gasa. Bara ciwon karkarwa ya ci ƙarfinsa, 'yarsa Bronwyn ta zo daga birnin Brisbane ta tilasta masa ya rabu da nasa bindigogin duka, don tana tsoron abin da tsoho kaɗai a gida zai iya yi. Rumfar ta yi shiru. Sai shekaranjiya ya tsaya a jikin waya da hularsa a hannu ya ce, "Merle, ara mini hannunki."

Saboda Col Dunstan ne. Gonar Col ta fara daga inda titin garin ya ƙare, kuma fari ya gama da ita. Tafkinsa ya ƙafe, sai taɓo mai ɓawo a sama. Shanun, ƙashi da fata, sukan kutsa tsakiya neman ɗan ruwan da ya rage, su nutse har ƙirji, babu ƙarfin fitowa. Ɓawon ba ya ɗaukar mutum, balle mota. Abin da ya rage wa Col shi ne ya tsaya can bakin gaɓa ya hutar da su da harbi tun kafin hankaki su fara da idanu. To, cikin bututun tsohuwar bindigarsa ya cinye, harsashi na zuwa inda ya ga dama. Ya auna goshin wata saniya da ya yi renonta tun tana maraƙa, ya same ta a muƙamuƙi. Ya zo ya zauna a rumfar Athol yana ba da labarin, idonsa a ƙasa. Bai so ya je aro wajen kowa ba, don kada a ji abin da yake yi wa dabbobinsa.

"Bututu ɗaya ya rage mini," Athol ya ce masa. "Zan sa maka. Daga gaɓa za ka zaɓi idon da kake so."

Sai da la'asar ta rana ta biyu allurar ta tsaya. Kwanon rumfar ya yi zafi har yana ƙara, ƙudaje sun dame su, bayan Merle kamar zai tsage. Athol ya juya injin a hankali, ya sake juyawa. Ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce, ko ya lalace ne. Allurar ba ta motsa ba.

"Kin gani?" ya ce a hankali, kamar mai tsoron kada ya tashe ta.

"Na gani. Ba ta yin komai."

"Shi ke nan aikin. A sa ta ta daina yin komai." Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa, ko don zufa. "Da kin shigo nan tun kina yarinya, da kin zama mutum."

"Na gode, tsohon banza. Sa mana ruwan shayi."

Da safe aka zo wajen yanka. Za a tura wani siririn ƙarfe mai kaifi cikin gindin bututun ya sassaƙa wurin da harsashi zai zauna, injin yana juyawa, mutum yana turawa da hannu kaɗan-kaɗan. Merle ta ce ya nuna mata ta yi.

"Wannan ba a nunawa. Ji ake yi a yatsu."

"Athol, dubi yatsun naka."

"Na sha magani. In na kama abu da ƙarfi suna lafawa."

"Jiya kofi ka kama da ƙarfi, rabin shayin a wandonka ya ƙare."

"Merle, matsa gefe."

Ta matsa. Da farko abin ya tafi lafiya. Ya tura, ya janye, ya zuba mai, ya sake turawa, fuskarsa ta saki har ta ga kamannin mutumin da ta sani a da. Ta fara tunanin abin da za ta dafa da rana. Daga nan sai kafaɗarsa ta fizga, kamar wani ya ja shi daga baya. Injin ya yi wata ƙara mai tsini da ta shige mata haƙora, wani abu ya ɓalle ya bugi kwano. Ya kai hannu zai kashe injin, hannun ya kasa samun makunnin. Ita ta kashe.

Ya haska fitila cikin bututun ya daɗe yana kallo. Bai zagi kowa ba, kuma hakan ya fi tsorata ta.

"A yanke wurin mana, a sake," ta ce.

"Ya yi zurfi."

"A yi odar wani."

"Kafin ya iso babu saniyar da za ta rage." Ya ajiye fitilar a hankali. "Ki je gida, Merle. Na gode."

Col ya zo da yamma a a-kori-kurarsa. Merle tana shanya a bayan gida, tana jin su ta tsallaken shinge. Col ya ce babu komai, aboki, ai ka yi ƙoƙari. Ya faɗa ya sake faɗa. Athol ya mayar masa da tsohon bututun a bindigar, shi ma sai da Col ya riƙe masa sifana. Da zai tafi ya dafa kafaɗar tsohon, kamar yadda ake dafa mara lafiya a asibiti.

Washegari babu iska ko kaɗan, sauti kuwa a filin nan yakan yi tafiya mai nisa. Merle ta kawo masa burodi da ƙwai ta same shi zaune a baranda, fuskarsa wajen gonar Col. Harbi ya tashi. Aku suka watse daga kan itacen turare. Aka yi shiru. Sai wani harbin, sai wani a bayansa da sauri.

"Wannan duk saniya ɗaya ce," in ji Athol.

"Ba ka sani ba."

"Na sani. In ya samu, yakan dakata ya nemi ta gaba. Saurara." Wani ya sake tashi. "Har yanzu ita ce."

"Shigo ciki, in kunna maka rediyo."

"Bar ni in ji. Aikina ne."

Ya zauna nan har rana ta take, har harbin ya ƙare. Ƙwan ya sandare a faranti, ƙudaje suka rufe shi.

Daga ranar bai sake shiga rumfar ba. Lalataccen bututun yana nan cikin injin yadda suka bar shi. Merle ta riƙa kai masa miyar kabewa, ya sha cokali biyu don ta daina magana. Ta kira Bronwyn, Bronwyn ta ce za ta nemi hutu a ƙarshen wata. Ma'aikaciyar jinya mai zagaya ƙauyuka ta zo ta auna shi, ta ce ƙirjinsa ya kama, ya kamata ya kwanta asibiti a babban gari. Ya ce mata in ta kawo mutum huɗu da igiya sai a yi magana.

Wata rana Merle ta gaji, ta dire kwanon miyar da ƙarfi a kan tebur.

"Kai wane ne da za ka mutu saboda shanun wani? Kai ka hana ruwa sauka?"

"A'a."

"To ci abinci."

Ya dubi hannuwansa a kan bargo, suna rawarsu kamar ba nasa ba. "Abu ɗaya na iya a duniya, Merle. Ban iya zama da mata ba, tambayi kabarin Joyce. Ban iya renon 'ya ba, tambayi Bronwyn. Amma in mutum ya kawo mini ƙarfe, yakan tafi da abin da ba ya ƙarya. Tun ina saurayi nake yi wa masu harbin takarda, don su ci kofi su rataya a falo. Sau ɗaya aka zo mini da buƙata ta gaske."

"Ai mun tsayar da allurar."

"Mun tsayar." Ya yi tari mai tsawo. "Ke kika tsayar."

Merle ta jawo kwanon miyar. Ta ɗauki cokali ta kai bakinsa, ya kawar da kai kamar yaro, ita kuma ta ji kunyar abin da ta yi, ta ajiye.

Ranar da ya tafi, da rana tsaka ce. Ta shigo da wankinsa da ta goge, ta same shi a kujerar baranda, kai ya karkata gefe, hula a cinya. Ta fara yi masa faɗan zama cikin zafi kafin ta lura da hannuwan. Sun kwanta a kan gwiwoyinsa shiru, babu motsi. Ta daɗe ba ta gan su haka ba. Ta ajiye wankin a ƙasa, ta zauna a matakala kusa da ƙafarsa, ba ta kira kowa ba sai da inuwar gidan ta kai waya.

Mutanen da suka zo jana'iza ba su cika benci uku na cocin ba. Masu gasar harbi na bakin teku suka aiko da furanni, suka iso a bushe. Col ya tsaya can baya da rigar da ta yi masa yawa. A maƙabarta ya ce wa Merle ya sa gonar a kasuwa, matarsa ta riga ta koma wajen 'yar'uwarta.

"Ya ji, ko?" ya tambaya. "Ran nan."

"Kunnensa ya yi nauyi," in ji Merle. "Bai ji komai ba."

Col ya dube ta, ya gyaɗa kai. Dukansu sun san ƙarya take yi.

Bronwyn ba ta da lokaci mai yawa. Ta buga waya nan da can, babu mai son tsohon inji mai nauyin mota a wuri mai nisa haka. Daga ƙarshe mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da babbar mota mai ƙugiya. Merle ta taya ta kwashe rumfar. A jikin bango zobban Athol suna rataye a kan ƙusoshi, manya da ƙanana, kowanne ya sha mai, kowanne da irin bututun da aka yi shi dominsa.

"Anti Merle, waɗannan na mene ne?"

"Riƙe bututu suke yi, ya zauna a tsakiya."

"Akwai mai amfani da su?"

Merle ta yi tunani. "Shi kaɗai ya san wanne na wanne ne."

Bronwyn ta riƙe ɗaya tana juya shi. "Yakan manta ranar haihuwata, amma bai taɓa barin waɗannan su yi tsatsa ba." Ta faɗa ba da ɗaci ba, ta sa shi a bokiti. Mai motar ya juye bokitin a bayan mota, ƙarar ta cika titi. Aka ɗaga injin da sarƙa, bututun yana cikinsa, domin babu wanda ya ga dalilin cire shi. Merle ta share rumfar tas, Bronwyn ta sa kwaɗo, ta rungume ta, ta kama hanyar Brisbane kafin rana ta faɗi saboda kangaru, dabbobin dajin da kan faɗo titi da dare.

Merle ta zaga ta shiga gidanta. Tana taka ledar kicin ta ji wani abu yana karce ƙasa. Ta zauna a kujera ta cire takalmin ta juya shi. Ɓurɓushin ƙarfe ne, sirara, a nannaɗe, sun lume cikin robar. Ta ɗauko wuƙar cin abinci ta riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a bakin taga. Ta tagar ana hango filin Col, ja wur har ƙarshen gani, babu ko saniya ɗaya a tsaye.