Kwanar da Ba a Share Ba

Shekara tara mai gadi yana kula da rafin, kuma shi mutum ne da ba ya iya ganin datti ya wuce. Da aka ce masa wata Malama mai binciken ƙwari za ta zo ƙirgar mazari, sai ya ɗauki lauje da manjagara. Kwana huɗu yana fama. Ya yanke ciyawar bakin ruwa, ya kwashe ruɓaɓɓen ganye, rafi ya fito fes kamar an wanke faranti.

Malama ta iso da hantsi, ta tsaya riƙe da littafinta tana duban bakin ruwa.

"Baba, ina ciyawar?"

"Na raba ki da ita. Ya za a yi ki zo ki tarar da shara?"

"A jikin ciyawar nan suke saka ƙwai. 'Ya'yansu kuma a ƙarƙashin ganyen suke girma kafin su yi fiffike." Ta rufe littafin. "Irin wannan siririn, mai haɗe fukafukai idan ya sauka, nan kaɗai ya rage mana. In ban samu ko ɗaya ba, masu ɗiban yashi za a bar wa rafin."

Mai gadi ya dubi bakin rafin da ya share. Da hannunsa ya yi, ba wani ba. Suka bi ruwa sama da ƙasa, ba komai sai kwaɗi.

Akwai wata kwana a bayan duwatsu da yake ta kauce wa kai Malama. Rana ta huɗu bayansa ya riƙe, ya bar wurin yadda yake, ya je ya ce wa matarsa ya gama tas.

"Malama," ya ce yana kallon ƙasa, "akwai wani wurin da ciwon baya ya hana ni sharewa. Amma ƙazanta ce, kada ki yi mini dariya."

Suka je. Ciyawa har ƙugu, ganye ya taru yana ruɓa. A kan wani kara, ga shi nan: shuɗi, siriri kamar allura, fukafukai a haɗe. Kusa da shi wani. Malama ta durƙusa cikin laka tana ƙirgawa a hankali, har sha bakwai.

Mai gadi ya zauna a kan dutse, ya sauke ajiyar zuciya.

"Allah ya yi wa ciwon bayan nan albarka, Baba," in ji ta. "Manjagarar fa?"

"Uwar 'ya'yana zan ba wa, ta rataye. Amma zancen ban gama shara ba, ya tsaya tsakaninmu."