Ruwan da Ke Dawowa

Ƙararrawa ta kaɗa, zauren gasar ya kaure da ihu. Maki arba'in da arba'in! Tambaya ɗaya ta rage, kuma gurbin karatun jami'a kyauta guda ɗaya ne tak.

Auta ta goge zufar hannunta a jikin rigar makaranta. Can a layin ƙarshe ta hango Baba, mai haƙar rijiya, ya taho kai tsaye daga wurin aiki, jar laka har gwiwa. Mai gadi ya hana shi kujerar soso, sai ya samu benci ya ɗosana.

Abokin karawarta, wanda 'yan makarantarsu ke kira Kwamfuta, ya karkato ya yi mata raɗa. "Ki fara shirin tafa mini, ƙanwata."

"Ka dai bari a kawo maka wuta tukuna," in ji ta.

Alƙalin gasa ya nuna allo. "Ga ƙasashe biyu. Ta farko tana da mutum miliyan goma. A ƙarƙashin hamadarta akwai tsohon ruwa kubik mita biliyan ɗari biyar, ruwan sama da koguna kuma na ba ta biliyan biyar a shekara. Ta biyu mutum miliyan ashirin, tana samun biliyan arba'in a shekara. A wacce ce mutum ɗaya ya fi rabon ruwa mai sabuntuwa? Daƙiƙa talatin!"

Kafin ya rufe baki Kwamfuta ya hau rubutu, biro na gudu kamar zai yaga takarda. Auta ma ta fara tara lambobin: ɗari biyar da biyar. Sai hannunta ya tsaya cak.

Ta tuna wata rijiya da Baba ya haƙa bara. Ta cika taf, masu gida na murna har da guɗa. Amma Baba ya sa aka kwashe ruwan ƙarƙaf, ya zura igiya mai ƙulle-ƙulle, ya zauna a bakin rijiyar yana jira. Haka yake wa kowace rijiya kafin ya miƙa ta. Da matar gidan ta ce ɓarna yake yi, sai ya ce, "Wanda na tarar ba naku ba ne, Hajiya, ajiya ce. Naku shi ne wanda zai dawo."

"Daƙiƙa goma!"

Kwamfuta ya doki ƙararrawa. "Ta farko! Sama da dubu hamsin ga kowane mutum!"

'Yan makarantarsu suka miƙe suna buga tebura. Alƙalin ya ɗaga hannu. "Ke fa?"

Auta ta ja layi a kan ɗari biyar ɗin, ta soke shi.

"Ta biyu, ranka ya daɗe. Dubu biyu ga kowane mutum. Ta farko ɗari biyar kacal gare ta."

"Ina kika kai ruwan ƙarƙashin hamada?"

"Na kwashe shi na zauna jira. Bai dawo ba."

Alƙalin ya duba katinsa, ya ƙara dubawa, kamar mai neman jan rai. Sannan ya ce, "Daidai ne!"

Zauren ya hargitse. Malamarta ta yi wurgi da jaka ta rungume ta. Daga bayan zauren aka ji murya kamar daga cikin rijiya: "'Yata ce! Wallahi 'yata ce!" Baba ne a tsaye kan benci, mai gadi na jan ƙafar wandonsa yana cewa, "Malam, sauko, za ka karya mana!"

Kwamfuta ya zo ya miƙa mata hannu, fuska a murtuke. "A wane littafi kika gani?"

"Wancan mai lakar," ta ce, ta nuna masa Baba.

A hanyar gida Baba ya ƙi ba ta takardar shaidar da ta ciyo. Ya riƙe ta da yatsu biyu kada ta ɓaci, duk wanda suka gamu da shi sai ya tsayar da shi ya nuna masa, har da mai facin taya da bai san su ba.

"Auta," ya ce, "a lissafin nan naku, mu nan nawa ne rabon mutum ɗaya?"

Ta yi ɗan tunani. "Wajen duro dubu bakwai a shekara, Baba."

"Kowa da kowa?"

"Kowa. Har jariri."

Baba ya yi fito. "Ashe mu attajirai ne ba mu sani ba!"

Suka sha kwanar layinsu. Jarkoki ne jere tun daga bakin famfo har shagon tela, kowace an ɗaura mata tsumma don a gane mai ita. Mama na zaune a kan tata, ta goma sha biyu daga gaba, tana fifita da murfin bokiti. Da ta hango takardar ta zabura, ta rangaɗa guɗa har matan layi suka taya ta, amma ƙafarta ɗaya na kan jarkar.

"Zo nan in rungume ki, 'yar albarka," ta ce. "In na matsa, layina ya tafi."